Iskar radon: Inda sannu ke hana zuwa

  

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na fiziks ya shigo aji ya jefa mana wata tambaya tun kafin ya ajiye jakarsa. Ya ce: "Ga tulin shara mai fitar da iska mai cutarwa. An rufe shi da ƙasa. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari. Yaya za ku yi ku san murfin yana aiki?" Wani daga baya ya ce a ƙara ƙasa kawai. Malam ya ce: "Har mita nawa?" Ni kuma don neman suna na ɗaga hannu na ce a zuba kankare. Ya dube ni ya ce: "Kankaren gidanku shekara nawa ya yi kafin ya tsage?" Aji ya kwashe da dariya, na zauna jiki a sanyaye.

Na ɗauka tambayar ta cikin aji ce kawai. Da na shiga laburare sai na tarar akwai garin da wannan tambaya ta shafi numfashin mutanensa, kuma ba shi da nisa da mu.

Dusar da aka bari a Akokan

Idan ka bar Agadas a Jamhuriyar Nijar ka nausa arewa tafiyar sama da kilomita 200, za ka isa garin Arlit, a gefensa kuma akwai Akokan. Garuruwa ne da haƙar ma'adinin yuraniyom ta kafa su a tsakiyar hamada, kuma Hausa na daga cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwanninsu. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a can a 1971, kamfanin COMINAK kuma a 1978. A ranar 31 ga Maris, 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK, bayan ta samar da yuraniyom kimanin tan 75,000. Abin da ta bari a baya shi ne tulin shara mai nauyin kusan tan miliyan 20.

Ku ɗauki biro ku raba waɗannan lambobi biyu. Za ku ga cewa a kowane tan na dutsen da aka niƙa, yuraniyom ɗin da aka samu bai cika kilo huɗu ba. Aikin ya yi kama da surfe. Ana niƙa dutse ya koma gari, a jiƙa shi da sinadari, a tsame yuraniyom a tafi da shi, a bar dusa. Bambancin shi ne a surfen gida tsaba ta fi dusa yawa, a nan kuwa kusan duka dutsen ne yake komawa dusa. Sannan wannan dusa tana riƙe da kimanin kashi 85 cikin ɗari na tiririn nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali, domin yuraniyom kaɗai aka cire, 'ya'yansa da jikokinsa suna nan.

Dangin radon

Kun san daga darasin fiziks cewa wasu ƙwayoyin zarra ba su da natsuwa. Suna farfashewa da kansu, su fitar da tiriri, su rikiɗe su zama wani sinadari. Kowane iri yana da abin da ake kira rabin rayuwa, wato lokacin da rabin ƙwayoyinsa ke ɗauka kafin su farfashe.

Yuraniyom-238 shi ne kakan gidan, rabin rayuwarsa kimanin shekara biliyan huɗu da rabi. A zuriyarsa akwai toriyom-230 mai shekara kusan 75,000. Shi ne yake haifar radiyom-226 mai shekara 1,600. Radiyom kuma shi ke haifar radon-222. Duk waɗanda suka gabace shi masu ƙarfi ne kamar ƙarfe, inda aka zuba su nan suke zama. Radon kaɗai ya fita zakka, domin shi iska ce. Ku duba jadawalin sinadarai a bayan littafinku na kemistiri, za ku gan shi a lamba ta 86, a layin ƙarshe na dama, ƙarƙashin su hiliyom da niyon da agon. 'Yan wannan layi ba sa son haɗuwa da kowa, don haka babu abin da ke kama radon ya ɗaure shi a cikin ƙasa. Yana sulalewa ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi har ya fito sarari.

A fili iska tana tarwatsa shi nan da nan. Matsalar tana ƙaruwa ne idan ya taru a rufaffen wuri kamar ɗaki ko ramin haƙar ma'adinai, ko kuma idan mutane suna zaune shekara da shekaru kusa da babban tushensa. Idan aka shaƙe shi, 'ya'yansa irin su foloniyom suna liƙewa a cikin huhu suna harbin tsokar wurin da tiriri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon ne ke jawo tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na kansar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarinsa ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Wannan ma wani dalili ne na guje wa sigari.

Aikin murfi shi ne ɓata lokaci

Ga raunin radon: rabin rayuwarsa kwana 3.8 ne kacal. Idan kana da ƙwayoyinsa 1,000 yau, bayan kwana 3.8 saura 500. Bayan kwana 7.6 saura 250. Bayan kwana 38 da ƙyar za ka sami ɗaya. Waɗanda suka farfashe sun koma sinadarai masu ƙarfi, ba sa iya tashi, nan za su maƙale inda ajali ya same su.

Iyayenmu suna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To a wajen radon sannu tana hana zuwa. Idan tafiyarsa daga cikin shara zuwa sarari ta ɗauki wata guda, kusan dukansa zai ƙare a hanya. Wannan shi ne sirrin murfin ƙasa. Babu ƙasar da take toshe iska ɗari bisa ɗari. Abin da ake nema shi ne a tsawaita masa hanya, a cika ta da kwana-kwana, har kwanakinsa su ƙare bai fito ba.

Abu uku ne ke ƙayyade jinkirin. Na farko kaurin murfin. Na biyu yadda aka daddage shi, domin ƙasar da aka danne da manyan motoci ƙofofinta sun fi ƙanƙanta. Na uku, wanda ya fi ba ni mamaki, shi ne danshi. Radon yana ratsa ruwa a hankali fiye da yadda yake ratsa iska har kusan sau 10,000. Saboda haka ƙofar da ruwa ya cika tamkar an rufe ta ne. Shi ya sa injiniyoyi suke son yumɓu, irin wanda ake ginin tukwane da shi: ƙwayoyinsa ƙanana ne, kuma yana riƙe ruwa.

Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi. Mu ɗauka a busasshiyar ƙasa kowace mita ɗaya tana barin kashi 37 cikin ɗari na radon su wuce. Ƙwayoyi 1,000 suka taso, a ƙarshen mita ta farko saura 370, a ƙarshen ta biyu saura kimanin 135. Yanzu mu ɗauka yumɓu ne mai danshi da aka danne, wanda santimita 30 kawai ta isa ta yi wannan ragin. Lissafin zai tafi haka: 1,000, 370, 135, 50, 18, 7, har zuwa ƙasa da 3 a santimita 180. Kauri kusan ɗaya, amma sakamako ya sha bamban. Wanda ya ce murfinsa mita biyu ne bai gama bayani ba, sai ya faɗi irin ƙasar da yawan ruwan da ke cikinta.

Yadda ake auna abin da ido ba ya gani

Yanzu mu koma ga tambayar malam. Abin da ake aunawa shi ne yawan radon da ke fitowa daga kowane murabba'in mita na saman murfi a cikin sakan ɗaya. Ma'auninsa bekerel ne, sunan da aka ɗauko daga Henri Becquerel, Bafaranshen da ya gano tiririn yuraniyom a 1896. Bekerel ɗaya na nufin farfashewar ƙwayar zarra ɗaya a kowane sakan.

Hanya ta farko ita ce ta gawayi. Ana samun gawayi na musamman da aka sarrafa shi ya zama duk 'yan ƙofofi, yana tsotse iska kamar yadda soso ke tsotse ruwa. A zuba shi a wani faffaɗan mazubi mai kama da faranti, faɗinsa kimanin santimita 25, a kife shi a kan murfin, a toshe gefensa da ƙasa. Bayan awa 24 a ɗauke, a juye gawayin a gwangwani a rufe ruf, a kai ɗakin gwaji. A can akwai na'urar da ke ƙirga tiririn gama da 'ya'yan radon ke fitarwa. Daga wannan ƙidaya, da faɗin farantin, da awoyin da ya yi a kife, sai a lissafa abin da murfin ke fitarwa. Amma a lura: radon ɗin da ke cikin gawayin bai daina raguwa ba don an sa shi a mota. Idan tafiyar ta ɗauki kwana 3.8, rabi ya tafi. Dole mai awo ya rubuta lokacin da ya ɗauke farantin da lokacin da aka ƙirga, ya mayar da lissafin baya. Wanda ya manta da wannan zai ba murfi makin da bai ci ba.

Hanya ta biyu ita ce ta akwati. Ana kife akwati marar gindi a kan ƙasa, a haɗa shi da na'urar lantarki da bututu. Radon yana taruwa a ciki, na'urar tana rubuta yawansa lokaci bayan lokaci. Idan ka zana waɗannan lambobi a takardar giraf, za ka sami layi mai hawa. Tsananin hawan layin shi ne amsar. Wannan gangaren layi da malamin lissafi ke wahalar da ku a kansa, ga inda yake aiki.

Hanya ta uku a ɗakin gwaji ake yin ta, tun kafin a fara ginin murfi. A cusa samfurin ƙasar a cikin bututu, a sa tushen radon a ƙasansa, a auna abin da ke isowa samansa. A maimaita da ƙasa busasshiya, da mai ɗan danshi, da jiƙaƙƙiya. Da haka ake sanin kaurin da ya kamata a gina.

Awo a wuri ɗaya ba ya wadatarwa, kamar yadda ba a sanin ƙoƙarin aji da makin ɗalibi ɗaya. A ƙa'idar Amurka, idan za a gwada tulin da aka rufe ana yin awo aƙalla a wurare 100, a ɗauki matsakaici. Kuma ba a fara awo sai an yi awa 24 da ɗaukewar ruwan sama. Kun gane dalili? Ruwan ya toshe ƙofofin na ɗan lokaci, murfin zai nuna ya fi yadda yake kyau.

Darasin da Amurka ta koya da tsada

Me ya sa Amurka ta kafa irin waɗannan ƙa'idoji? Saboda ta taɓa ƙonewa. A garin Grand Junction na jihar Kolorado, daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960, magina sun riƙa kwasar wannan shara kyauta, domin a ido ba ta da maraba da yashi mai laushi. Aka yi cikon harsashin gidaje da makarantu da ita. Daga baya aka gano radon yana taruwa a ɗakunan, sai da aka bi gine-gine sama da 4,000 ana tonewa ana kwashewa. A 1978 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman a kan sharar masana'antun yuraniyom. Iyakar da aka sa ita ce kada matsakaicin abin da tuli ke fitarwa ya wuce bekerel 0.74 a kowane murabba'in mita a sakan guda. Don ku kwatanta, ƙasar gona ta yau da kullum tana fitar da kimanin 0.02, tulin da ba a rufe ba kuwa yana iya ninka iyakar sau goma ko fiye. An kuma ce a tsara murfin ya yi shekara 1,000 idan zai yiwu, in ya gaza kada ya kasa 200.

Ku ajiye shekara 1,000 kusa da shekara 75,000 ta toriyom. Radon na mutuwa cikin kwanaki, amma gidan da ke haifarsa ba ya rufewa. Murfi kuma yana tsufa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan soro ya san ba a yin yaɓe sau ɗaya a ce an gama, kafin kowace damina sai an hau an duba. Wanda ya taɓa ratsa fadama da rani ya ga yadda laka ke darewa har ƙafa ta iya faɗawa. Saiwar itace tana huda ƙasa tana shanye danshinta. Tururuwa da gara da ɓeraye suna haƙa ramuka. Kowace tsaga gajeriyar hanya ce ga radon. Masu bincike a Amurka sun koma kan wasu murafe da suka yi kimanin shekara 20, suka tona suka sake awo, suka tarar a wasu wuraren da itatuwa suka kafa saiwa ko tururuwa suka yi gida radon ya fi fita. Ba don sun koma sun auna ba, da takardar ranar da aka gama gini za a ci gaba da nunawa.

Mu dawo Arlit

Kamfanin Orano na Faransa, wanda a lokacin shi ne mai kaso mafi girma a COMINAK, ya sanar da shirin rufe tulin Akokan da murfi mai kaurin mita biyu na yumɓu da dutse. Ƙungiyar Aghir in'Man ta mutanen Arlit da cibiyar CRIIRAD ta Faransa, waɗanda suka daɗe suna bin diddigin tiriri a garin, sun sha nuna damuwa a kan wannan shara da kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa da jama'a ke sha.

Da abin da muka koya yau, ku ma kuna iya yin tambayoyin da suka dace. Arlit hamada ce, ruwan da take samu a shekara bai taka kara ya karya ba, ga rana ga iska mai ɗauke da yashi. Yumɓun zai riƙe danshi nawa bayan shekara goma? A wurare nawa za a yi awo, kuma sau nawa? Da zafi za a auna ko da sanyi? Wa zai ga sakamakon? Wa zai hau tulin da faranti da gawayi bayan shekara 50, lokacin da waɗanda suka yi aikin duk sun tsufa? Ba zagin kowa ba ne yin waɗannan tambayoyi. Gani ya kori ji, kuma a harkar radon awo shi ne gani.

Mu ma a Najeriya muna da namu. A tsofaffin wuraren haƙar kuza na Jos, tarkacen da aka bari yana ɗauke da ma'adinai masu toriyom, kuma masu bincike sun auna tiriri sama da na sauran wurare a wasu daga cikinsu. Don haka yashin da aka gani tule a bakin tsohuwar mahaƙa ba na gini ba ne, ko da kyauta ne, sai masana sun gwada shi. Muna da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, muna da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Waɗanda za su riƙe na'urorin waɗannan wurare nan da shekara 15 yanzu haka suna zaune a kan benci irin naku. Na san da yawa a cikinku suna ganin darasin rabin rayuwa a matsayin abin haddacewa don WAEC da NECO. Ni ma haka na ɗauke shi, har sai ranar da aka yi mini dariya a kan kankare.

Aikin gida

Gwaji: ku sami gwangwanaye biyu iri ɗaya, ku sa ƙwayar daddawa ɗaya a gindin kowanne. Ku rufe ta farko da busasshen yashi, ta biyu da jiƙaƙƙen yumɓu da kuka danna da kyau, kaurinsu ɗaya. Ku sansana bayan awa ɗaya, da kuma washegari. Sannan ku ajiye na yumɓun a rana kwana uku ku ga abin da zai faru da samansa. Ku tuna warin daddawa ba ya mutuwa a hanya kamar radon, saurin wucewa kawai gwajin zai nuna muku. Kuma a nemi izinin Mama kafin a taɓa mata daddawa.

Tambaya ta farko: an ɗauke gawayi daga kan murfi, bai isa ɗakin gwaji ba sai bayan kwana 7.6. Na'ura ta nuna bekerel 200. Nawa ne a cikinsa lokacin da aka ɗauke shi?

Tambaya ta biyu: a wani murfi, kowace santimita 30 tana barin kashi ɗaya cikin uku na radon ya wuce. Idan ƙwayoyi 2,700 suka taso daga shara, nawa za su fito ta murfi mai kaurin santimita 90?

Ku turo amsoshinku tare da sunanku da ajinku da makarantarku ta adireshin wannan shafi. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Kafin nan a riƙa buɗe tagogi iska tana shiga ɗaki, a kuma dage da karatu.